Abin da Mai Safar Hannu Ya Faɗa

Ranar da 'yarsa ta bugo waya ta ce ta samo kaset ɗin, Baki Bakwai yana baranda yana ba shuke-shuken matarsa ruwa. Sai da ya juye wa tukunya ɗaya ruwan tukwane uku kafin ya lura ruwan na zuba a kan silifas ɗinsa.

"Wane kaset kuma, Innata?" in ji shi, alhali ya sani sarai. Sunan mahaifiyarsa yarinyar ta ci, don haka tun tana zanen goyo bai taɓa kiran ta da wani suna ba sai wannan.

"Saura Minti Tara mana, Baba, wanda ka yi wa fassara. A wurin wani mai tsoffin kaya na gan shi, har da rubutun hannunka a jiki. Ranar Asabar da rana zan zo da shi mu kalla, ni da kai da Mama."

Ya ce madalla, ya ce Allah ya kai mu, ya kashe waya. Daga nan ya jawo kujera ya zauna.

Yaran yanzu ba su san asalin wannan laƙabi ba, suna dai jin manya na kiran sa da shi. Shekara talatin da biyar da suka wuce, lokacin da finafinan ƙetare suke shigowa gari a kaset da yarukan da babu mai ji, shi ne yake sa musu Hausa. A wani ɗan ɗaki bayan shagon abokinsa mai gyaran rediyo yake zama, an kafa wa bangon barguna don kada ƙarar titi ta shiga, makirufo ɗaya a gabansa, kofin shayi a gefe. Shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne budurwar jarumi, shi ne tsohuwa, shi ne ɗan sanda mai tumbi. Idan kare ya yi haushi a fim kuma sautin bai fito ba, to shi ne karen. Wani mara aikin yi ya zauna ya ƙirga muryoyin ya samu bakwai, shi ke nan suna ya bi shi. A duk aikin da ya yi babu wanda ya kai Saura Minti Tara, labarin 'yan ta'adda da suka ƙwace jirgin ƙasa cike da fasinjoji suka dasa masa bam. Sunan fim ɗin ma shi ya raɗa, don haruffan da ke kan kwalin asali, ko mai rediyo da yake taƙamar ya yi makaranta ya kasa karanta su.

Abin da gari bai sani ba shi ne, Baki Bakwai bai taɓa jin ko kalma ɗaya ta yaren fim ɗin ba. Ko yadda suke cewa sannu bai sani ba. Kallon fim yake yi sau uku, sau huɗu, ya ƙura wa fuskoki ido, ya ga wanda ya murtuke da wanda ya sunkuyar da kai, sannan ya zauna ya shirya musu magana daga cikin kansa. Mutane suka ɗauka ya zauna a ƙasashen waje. Shi dai bai taɓa cewa ya zauna ba, amma ka san halin ɗan Adam da daɗin yabo, bai taɓa cewa bai zauna ba.

Ita kuwa yarinyar ta tashi tana jin ana nuna ta a titi ana cewa ga 'yar mai fassara. Ta shiga jami'a ta karanci harsuna, kuma duk wanda ya tambaye ta dalili amsarta ɗaya ce: saboda babana. Cikin harsunan da ta zaɓa har da yaren wannan fim. Yau shekararta tara tana aikin tafinta a babban asibitin gari, tsakanin likitoci da baƙin da ba su jin yaren ƙasa. Duk tsawon nan Allah ya rufa masa asiri. Kaset ɗin gida ya ɓace lokacin da suka tashi daga tsohon gidansu, finafinai suka koma faifai, daga faifai suka koma waya. Idan ta jefo masa wata kalma a yaren don wasa, sai ya ce tsufa ya zo, ya manta. Idan ta fara labarin aiki a wurin cin abinci, sai ya tuna bai ba shuke-shuke ruwa ba. Yana alfahari da ita har ba ya iya faɗa, yana kuma tsoron ta, kuma tsoron ne ya fi fitowa fili.

Washegari ya sa hula ya nufi shagon mai rediyo, wanda yanzu wayoyi suka fi yawa a kan teburinsa, amma sunan bai canza ba. Ya same shi da tabarau biyu a fuska, ɗaya kan ɗaya, yana liƙa wata siririyar waya da dalma. A gefensa ga tsohuwar na'urar bidiyo a buɗe, an goge ta tas.

"'Yarka ta riga ka," in ji mai rediyo, bai ko ɗago ba. "Tun shekaranjiya ta zo neman aron na'urar. A duk unguwar nan tawa ce kaɗai take juyawa."

"To ka ce mata ta lalace."

"Ba ta lalace ba."

"Kai ne mai gyara. Cire mata wani abu mana, ɗan ƙarami. Wannan robar."

Mai rediyo ya ajiye dalma, ya cire tabarau ɗaya, ya dube shi sama da ƙasa. "Shekara arba'in ina wannan sana'a, na ƙona rediyon mutane bisa kuskure ba iyaka, amma ban taɓa ɓata abu mai aiki da gangan ba. Ba zan fara a kanka ba, da gemunka fari."

"Za ta ji kowace kalma, ka gane? Sautin asali yana nan a ƙarƙashin muryata, kai ka ƙi goge shi, ka ce harbin bindiga zai tafi. Za ta ji abin da suke faɗa, ta ji abin da nake faɗa."

"Sai me? Ka ci amanar wani ne? Mutane sun biya kuɗin kallo, sun yi dariya, sun yi kuka, sun koma gida." Ya mai da tabarau. "Kai dai ka cika tsoro. Tun ranar da muka ɗauki muryar wurin gadar nan na ƙarshen fim kake haka, sai da na kashe makirufo sau uku."

Baki Bakwai ya san dalilin kashe makirufon, mai rediyo ma ya sani. A makon da suka ɗauki muryar fim ɗin aka binne mahaifiyarsa, kuma matarsa na da cikin wata bakwai. Ya ɗauki na'urar ya rungume ta a ƙirji, ya kai ta gida, ya hau da ita bene hawa biyu yana haki.

Ranar Asabar ta zo da wuri, kamar yadda ranakun da ba a so suke yi. Da ƙarfe biyu 'yar ta shigo da kaset a jaka, ta gaishe su, ta ja labule saboda hasken rana. Matarsa ta dafa shayi ta zauna a kujerarta ta kullum da ɗinki a cinya. Shi kuma ya zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa.

Hoton ya fito da layi-layi, ya yi rawa, ya daidaita. Sai ga muryarsa, muryar ɗan shekara talatin da biyar, cike da ƙarfi kamar ba za ta taɓa tsufa ba: "Jama'a, a gyara zama, a riƙe yara, yau jirgi ba birki!"

Matarsa ta fashe da dariya. "Kai, ka ji mutum! Da wannan muryar ya yaudare ni."

Fim ɗin ya tsufa, babu yadda za a ɓoye. Jarumin, wani ɗan sanda da Baki Bakwai ya sa wa suna Gashin Baki, yana yawo da waya mai girman bulo, sai ya zaro mata eriya kamar zai kamo tashar rediyo. Bam ɗin da ake ta tsoro wani akwati ne da jan agogo a jiki, yana nuna wa kowa saura minti nawa, sai ka ce masu dasa shi suna da tausayi. Shugaban 'yan ta'addan, Mai Safar Hannu, ba ya kashe mutum sai ya tsaya ya yi masa jawabi. Akwai wani ɗan ta'adda da ya faɗi kafin a harbe shi, sai da 'yar ta mai da wurin baya sau biyu, ita da uwarta suna dariya har da hawaye. Idan aka nuna jirgin daga nesa yana ratsa duwatsu, ko makaho ya shafa ya san na wasan yara ne.

Amma da aka zo wurin da Gashin Baki ya diro daga kan gada ya faɗa rufin tarago, jirgi na gudu, sai dariyar ta tsaya. Babu kwamfuta a wancan zamanin. Mutum ne mai jini da tsoka ya tsaya a kan gada ya ƙirga taragai, ya saki jikinsa. Ana ganin yadda ƙafarsa ta gurɗe da ya sauka, ana ganin yadda ya ci gaba da gudu da ɗingishi, kuma ɗingishin bai bar shi ba har ƙarshen fim. Fasinjojin ma mutane ne na gaske, ɗaruruwa, an cusa su cikin taragai suna gumi na gaske. Wanda ya shirya wannan abu ya san aikinsa. Ba ya gaggawa, yana barin ka ka zauna da tsoro har ya ishe ka, kuma duk wautar jan agogon nan, idan ya koma saura minti uku sai ka ji ka daina taɓa kofin shayinka. Baki Bakwai ya manta da kansa na ɗan lokaci, ya ji son fim ɗin ya dawo masa sabo.

Sai dai duk bayan minti ɗaya yana satar kallon 'yarsa. A ƙarƙashin muryarsa ana jin yaren asali yana tafiya ƙasa-ƙasa, ita kuma ta karkata kai gefe ɗaya, irin yadda take yi idan tana sauraron harshe biyu a lokaci guda. Fuskarta ba ta nuna komai. Gara a ce ta ɗaure fuska, da ya san inda ya kwana.

Aka zo wurin tasha. A tsakiyar fim, don su nuna ba wasa suke ba, 'yan ta'addan sun tayar da ƙaramin bam a wata tashar da jirgin ya wuce. A da, a gidajen kallo, nan ne ake tafi da fito, saboda wutar ta yi kyau kuma mutane na tashi sama kamar kaji. Yau babu wanda ya yi motsi a falon. Shekara shida ke nan da bam ya tashi a babbar tashar motar garinsu da safiyar wata Litinin, kuma tun daga ranar kowa ya san abin ba shi da jan agogo, ba shi da jawabi, kuma babu wanda yake tashi ya kaɗe riga. Matarsa ta ajiye ɗinkin. Maƙwabciyarsu ta hawa na ɗaya a can ta rasa ɗanta.

Kafin wutar ta tashi, kyamara ta bi ta kan mutanen tasha, waɗanda ba su da suna kuma ba su da magana a fim ɗin, an ɗauko su ne kawai don su mutu. Baki Bakwai ya manta abin da ya yi a nan, sai yanzu ya ji. Ya ba kowannensu baki. Wata mai sayar da lemo tana cewa, "Uku ne, ba huɗu ba, kada ka ruɗe ni." Wani tsoho da jaka yana mita, "Na ce mata ta fito da wuri, ga shi za mu rasa kujera." Wani mai gyaran takalmi yana kiran wani, "Dawo ka karɓi canjinka, malam." Daga nan wuta ta tashi, kuma muryar da ba ta taɓa yin shiru na daƙiƙa biyar ba ta yi shiru har hayaƙi ya washe.

'Yar ta sa bayan hannu ta goge ido.

Ƙarshen fim ya zo. Gashin Baki ya kori Mai Safar Hannu har kan gadar nan, suka yi dambe, mugun ya zame ya rataye da hannu ɗaya, kogi a ƙasa. Ya ɗaga rediyon oba-oba da ke ɗaya hannunsa zuwa baki, idanunsa sun firfito, ya ƙwalla wata kalma sau uku. A yaren asali ana jin ta ɓaro-ɓaro, wani abu mai kama da "innata". A kanta kuma ga muryar Baki Bakwai tana rawa: "Innata! Innata! Wayyo Innata!" Wannan wuri ne ya sa fim ɗin ya yi suna a garin. Maza masu gemu sun fito daga gidan kallo suna share ido saboda mugun da ya kira uwarsa a bakin mutuwa.

Baki Bakwai ya miƙe ya danna maɓallin tsayarwa. Hoton ya daskare a kan buɗaɗɗen bakin mugun.

"Innata," ya ce, yana kallon talabijin, ba ita ba. "Ban san abin da ya faɗa ba. Ba mantawa na yi ba, ban taɓa sani ba. Duk fim ɗin nan, da sauran duka, daga kaina na tsaro su. Ko kalma ɗaya ba na ji. Kin je kin yi shekaru kina karatu saboda wani mutum da babu shi."

Matarsa ta ɗauki ɗinkinta ta ci gaba, alamar ita wannan ba labari ba ne a wurinta.

"Cewa ya yi, danna," in ji 'yar a hankali. "Yana ba yaransa umarni su danna maɓallin, su tashi jirgin da kowa a ciki. Danna, danna, danna. Babu uwa a maganar."

Ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Shekara talatin da biyar gari yana tausaya wa mutumin da yake ihun a kashe fasinjoji ɗari huɗu. Ya koma ya zauna, kunya ta rufe shi.

"Ni ma ina da tawa ƙaryar, Baba," ta ce. "Babu wani mai tsoffin kaya. Kaset ɗin gida ne, ni na ɗauke shi lokacin tashi. Ina shekarar farko a jami'a na zauna da ƙamus, na ce bari in ga yadda babana yake aiki. Kafin minti goma na rufe ƙamus ɗin. Ka tuna watan da na daina yi maka magana?"

Ya tuna. Ya ɗauka saboda ya hana ta tafiya yawon buɗe ido da 'yan ajinsu ne.

"Haushinka na ji, ba kaɗan ba. Na yi ta faɗa wa malamai babana gwani ne. Na so in bar karatun ma, taurin kai ne kawai ya hana ni." Ta juya kofin shayinta a kan faranti. "Ranar tashar mota ina bakin aiki. Aka yi ta shigo da su, gadaje suka ƙare, aka koma shimfiɗa su a ƙasa. Tashar mota ce, kowane irin baƙo akwai. Nas-nas suna ta jan hannuna, zo ki ji me wannan yake cewa, zo ki ji waccan, ko yana faɗin inda yake masa ciwo. Harshe huɗu na fassara a ranar, Baba. Manya, masu furfura, direbobi, wani soja. Yawancinsu ba inda yake ciwo suke faɗa ba. Uwarsu suke kira. Na yi ta ce wa likita, uwarsa yake kira, uwarta take kira, har ya daina tambaya."

Ta ture kofin gefe, ta ci gaba.

"A aikina ba a yarda in ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma daidai ne, ran mutum ne. Kalmar nan ka kuskure ta, ba zan ce maka ba ka kuskure ba. Amma da na dawo gida ranar, wurin tashar nan na yi ta tunawa, mai lemo da mai takalmi. Wanda ya yi fim ɗin bai tambayi su wane ne ba. Kai ka tambaya." Ta ɗago ta dube shi. "Na gaji ne kawai, Baba. Shekara goma sha biyar ina jiran ka faɗa mini da bakinka. Duk lokacin da na fara labarin aiki sai ka gudu baranda. Shuke-shuken Mama har ruɓewa suke yi."

"Uku ya kashe mini bana," in ji matarsa, ba ta ɗago daga ɗinki ba.

Dariya ta ƙwace masa, ta fito haɗe da wani abu da ba dariya ba, har sai da ya cire hula ya rufe fuska da ita. Da ya samu ya natsu ya goge ido, ya dubi 'yarsa sosai, abin da ya daɗe bai yi ba.

"To yanzu in na ce Innata, ashe a yarensu danna nake cewa?"

"Shekara talatin da huɗu kana ba ni umarni."

Ya jawo kujerarsa daga bakin ƙofa ya kawo ta kusa da tata. Ya miƙa hannu ya danna maɓallin mai da kaset baya, na'urar ta kama gurnani.

"Mu koma farko," ya ce. "Rage tawa muryar in za ta ragu. Ina son fim ɗin nan tun kafin a haife ki, kuma ban taɓa sanin me suke cewa ba. Faɗa mini, Innata."